Shekarar da Na Auna Nonon Shanun Malam

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya san abin da ke cikin ƙwarya tun ba a ɗaga faifai ba.

A sunan ɗan Zainabu da aka yi bara, ina kishingiɗe a ɗakina an saki labule, na ji ɗaya daga cikin jikokina tana ba ƙawarta labarina. Wai kakarsu ce ta sayar da shanun kakansu tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma ita ce ta raba gidan nan da gidan Baba Alhaji. Yarinyar ba ta kai shekara goma sha biyar ba. Ba ta san kakan nata ba, ba ta san shanun ba. Ke nan a bakin wani ta ji, kuma wanin nan a cikinku yake. Ban kira ta ba, ban tambayi uwarta ba. Na ga gara in rubuta muku, ku 'ya'yana, da hannuna tun idona yana gani. Na sayar da shanu, gaskiya ne, bakwai na sayar. Gida biyu sun rabu, shi ma gaskiya ne. Amma ba afuwa na zo nema ba. So nake ku san yadda aka yi, daga nan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Mahaifinku, Malam Ilyasu, ya rasu ya bar ni da ku huɗu. Kai Aminu kana aji biyu na sakandare, Zainabu tana goye a bayana. Abin da ya bari bai da yawa: sashensa na gidan nan na Limancin Kona, da littattafansa, da shanu goma sha tara a garke bayan ganuwa, tafiyar rabin sa'a a ƙafa in an fita ta Ƙofar Kona. Mutum ne da ba ya tara riguna. Duk abin da ya rage masa a albashi, da abin da ɗalibansa na zaure suka kawo masa na alheri, karsana yake saya. Wani Bafillace mai suna Buba ne ke yi masa kiwo, shekara goma sha shida suna tare. Sharaɗinsu mai sauƙi ne, tatsar safe tamu, ta yamma ta iyalin Buba. Nonon safen wata mata ce a Gyallesu ke saye tana yin kindirmo. Ni kuwa a lokacin ban san komai game da saniya ba sai abin da ke zuwa cikin ƙwarya. Malamar firamare ce ni, lissafi nake koya wa 'yan aji biyar.

Wanda aka ɗora wa amanar dukiyarku shi ne yayan mahaifinku, Alhaji Shehu, wanda kuke kira Baba Alhaji. Ɗan kwangila ne, hannunsa a sake yake, kuma a shekarun nan ya shiga sha'awar shanun Turai. Yana da guda shida, masu baƙi da fari, a gonarsa da ke kan hanyar Jos. Kwana uku da fitata takaba ya shigo gidan nan. Ya zauna a kujerar mahaifinku, ni ina kan tabarma. Ya yi addu'a mai tsawo har da hawaye, kuma ba na shakkar hawayen nan, don yana son ƙaninsa. Da ya shafa, sai ya gyara hannun riga ya ce:

"Saude, na yi tunani a kan dukiyar yaran nan. Farfarun shanun nan na Ilyasu ado ne kawai. Goma sha tara, amma in an tatse su duka ba sa cika jarka ɗaya. Zan sayar da su in sayo na Turai huɗu in haɗa da nawa. Ke ki zauna a ɗakinki, duk wata a kawo miki rabon marayu."

Na ce, "Yaya Alhaji, naka ɗin nawa suke bayarwa?"

"Lita goma sha biyar kowace saniya, kullum ta Allah."

"To nawa suke ci?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Ci kuma? Abin da dabba ke ci mana."

Wannan amsar ce ta tayar da ni. Duk yaron da ya kawo mini lissafi rabi a rubuce rabi a cikin kansa, sifiri nake ba shi, ko ɗan wane ne. Ga shi ana so in sa hannu a kan abincin 'ya'yana da irin wannan lissafin. Ban ce masa a'a ba, don ban san ko shi ke da gaskiya ba. Na roƙe shi shekara ɗaya, daga wannan damina zuwa ta baɗi, in auna abin da shanunmu ke bayarwa da abin da suke ci, in auna nasa, a ajiye biyun gefe da gefe. In nasa sun fi, ni da kaina zan raka namu kara a sayar. Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce ya ba malamar lissafi shekara, in na gaji da warin kashin shanu na kawo kaina. Na ce na gode, amma a maimaita maganar a gaban Malam Baffa. Malam Baffa ƙanin mahaifin su Yaya Alhaji ne, shi ne dattijon da ya rage a gidan, kuma abin da aka faɗa a zaurensa ba ya canzawa. Dariyar Yaya Alhaji ta ragu, amma ya je, ya kuma maimaita.

Na sayo kofin awo na roba mai layi-layi a kasuwar Sabon Gari, da littafin rubutu mai kauri. Ranar farko na yi sallar asuba, na goya Zainabu, na fita ta Ƙofar Kona. Na iske Buba a tsugune ƙarƙashin saniya, ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye ƙwaryar a hankali ya miƙe. Dogo ne, sai da na ɗaga kai.

"Uwar ɗaki, shekara goma sha shida Malam bai taɓa leƙa ƙwaryata ba. Yau kuma ɓarawo na zama?"

"Ba kai nake aunawa ba, Buba. Su nake aunawa."

"Ba a auna nono. Albarka ba ta son ido."

"In ban auna ba, baɗi war haka babu saniya ko ɗaya a turken nan, kai ma sai ka nemi wani garken. Ka zaɓa."

Kwana uku daga sallama ba ya ƙara mini komai. Yana tatsa yana miƙo ƙwarya, fuskarsa a wani gefen. A rana ta huɗu na rubuta nonon wata saniya a shafin wata, sai na ji ya ce, ba ita ba ce, wannan Guntuwa ce, ga ƙahonta a karye. Daga nan ya fara kira mini sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kafin kaka ta yi, har cacar baki muke yi, ya faɗi adadin kafin in zuba a kofi, kuma da wuya ya kuskure da abin da ya wuce kurɓi biyu. Ashe duk abin da nake wahalar rubutawa yana cikin kansa tun da daɗewa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ne.

Kowace saniya na ba ta shafinta. A sama sunanta. A ƙasa abin da ta bayar kowace safiya, ranar da ta haihu, ranar da ta ƙafe, dusa da angurya da harawar da ta ci a rani, kanwa da gishiri, allura da maganin kaska, har da rabonta a ladan Buba. A wata na uku na gane abu na farko da ya buɗe mini ido. Mutane ranar da saniya ta cika ƙwarya suke tunawa, ita suke faɗa in an tambaye su. Babu mai lissafa watannin da take tsaye a turke tana ci ba ta ba da ko ɗigo. Saniya mai ba da lita biyu wata takwas ta fi mai ba da uku wata uku, amma mai ukun ce za ka ji ana yabo. Abu na biyu kuwa, kyau ba ya shiga kofin awo. Guntuwar nan, ƙarama ce, mummuna, mai karyayyen ƙaho, wadda baƙo ba zai dube ta sau biyu ba, ita ce ke riƙe da garken. Duk shekara sai ta haihu, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba, kuma nononta ba ya ɗaukewa sai cikinta ya tsufa.

Ba zan ɓoye muku abin da na sha a unguwa ba. Gidan malamai ne gidan nan, matansa ba a san su da fita da sassafe ba. Aka ce na zubar da mutuncin zaure. Aka ce takaba ce ta taɓa mini kai. Wata da nake gaisarwa da girmamawa ta ce a gaban mata, wai ga wadda ke bin Fulani da kofi kamar mai sayar da kananzir. A makaranta wata abokiyar aikina ta janye kujerarta daga kusa da tawa, wai ina warin shanu, sai da na koma ajiye hijabi na biyu a jaka. Ban ba kowa amsa ba. Wanda bai kawo muku kwanon tuwo ba ranar da aka share makoki, ban ga dalilin da zan tsaya yi masa bayani ba.

Ranar Asabar kuma gonar Yaya Alhaji nake zuwa. Wuri ne mai kyau, ba zan rage masa ba. Rumfar kwano, daɓen siminti, fankoki a sama, janareta, rijiyar burtsatse. Ranar Juma'a yakan kai abokansa su sha kallo. A watannin sanyi na ga abin da ya faɗa da idona. Aka tatsi saniya ɗaya a gabana bokiti ya cika ya yi kumfa, na auna, goma sha biyar cif. Ita kaɗai ta ba da abin da takwas cikin namu ke bayarwa. Ranar nan na dawo gida na zauna a tsakar gida ban ko cire mayafi ba. Na ce a raina, Saude, ko dai taurin kai ne kawai ke damunki, kina tsare wa marayu hanyar arziki? Na kusa zuwa in ce masa na janye. Abin da ya hana ni shi ne shekarar ba ta cika ba, ni kuwa ba na karɓar takardar jarrabawa kafin a kaɗa ƙararrawa.

Da bazara ta shigo sai labari ya canza. Shanun nasa suka riƙa haki, harshe a waje, fanka na juyawa a kansu dare da rana. Goma sha biyar ta koma tara, ta koma shida. Biyu suka kamu da ciwon kaska, likita ya yi ta zarya, ɗaya ta mutu da ɗa a cikinta. Namu kuwa sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, nono ya ragu, amma kullum sai su taka da ƙafarsu zuwa fadama su dawo. Duk da haka rabin lissafi kawai ke hannuna. Ɗakin ajiyar abincin nasa a kulle yake, masu aikin kuma sun ce Alhaji ya ce nono kawai za a nuna mini. Na tambaye shi sau biyu, ya ce zai sa a rubuto mini. Ba a rubuto ba.

A nan ne Hajiya Mairo ta shigo labarin, matar Yaya Alhaji. Ku da kuka taso ba ku gan ta a gidan nan ba, ba za ku san abin da take a wurina ba. Shekara ɗaya aka kawo mu gidan nan muna amare, kafin su yi nasu ginin a Ƙofar Doka. Ita ta riƙe ni ranar da na haifi Aminu. Atamfa da leshi take sayarwa a ɗakinta, kuma mace ce da ba ta mantuwa da lamba ko da ba ta iya rubutu ba. Wata Alhamis da azahar, ana tsakiyar zafin nan, ta zo mini. Na dama mata fura. Muka yi hirar yara, muka yi ta tsadar kaya, sai ta ajiye ludayi ta yi ajiyar zuciya.

"Ni dai shanun nan sun ishe ni, Saude. Jarina duk ya tafi cikinsu."

"Jarinki kuma, Yaya Mairo?"

"To wa kike zaton ke sayen abincinsu in kwangila ta yi shiru? Sai ya ce in ba shi aro, nono zai biya. Shekara biyu ke nan nonon bai biya ba."

Daga nan ta shiga lissafo mini, kamar yadda mata ke yi in abu ya cika musu ciki. Buhun dusa kaza a sati, angurya kaza, man janareta jarka kaza, abin da likita ke karɓa duk zuwa, albashin ma'aikata uku, gyaran famfo. Ina yi mata tambaya kamar ta jaje, tana ba ni amsa. Da ta tafi, ban ko ɗauke kwanon furar ba na jawo littafi na rubuta duka. Washegari bayan an tashi makaranta na bi ta Tudun Wada wurin masu sayar da dusa na tabbatar da farashi. Na san abin da na yi. Aminiyata ta zo ta sauke nauyin zuciyarta a ɗakina, ni kuma na mayar da kukanta hujja. Na kuma san in na karanta lambobin nan a gaban mutane, mijinta ba zai yi wahalar gane inda suka fito ba. Na yi sati biyu ina juya abin. A gefe ɗaya Mairo, a gefe ɗaya ku huɗu. Na zaɓe ku, kuma ko yau aka mayar da ni ranar, ku zan sake zaɓa.

Da damina ta zagayo na haɗa lissafin. Na tara abin da kowane garke ya ci a shekara, na raba shi da litar da ya bayar, don in ga nawa ake kashewa kafin a samu lita ɗaya a nan, nawa ake kashewa a can. Shanun Yaya Alhaji biyar da suka rage sun ninka namu nono har sau uku. Amma a wata bakwai cikin goma sha biyu, abin da ake kashewa a kan litarsu ya fi abin da ake sayar da ita, ban da saniyar da ta mutu. Namu kuwa abin da suke bari kaɗan ne, ba zai sa mutum ya yi fahari ba, amma saura ne ba giɓi ba, ga kuma maruƙa shida da aka samu. Sai dai littafin bai tsaya a nan ba. Ya nuna mini wani abu a garkenmu da ban so gani ba.

Aka taru a zauren Malam Baffa ranar Juma'a bayan la'asar. Shi, da Yaya Alhaji, da maza uku na dangi. Al'adar gidan, mace takan aiko da maganarta ne a faɗa mata. Aka ce in miƙo littafin wani ya karanta. Na ce a yi mini haƙuri, hannun da ya rubuta shi ya san inda ya sa kowace lamba. Malam Baffa ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar cikin gida. Na karanta nono tukuna, Yaya Alhaji yana gyaɗa kai yana murmushi. Da na shiga abinci da mai da magani, murmushin ya ɗauke. Ban kai ƙarshe ba ya katse ni.

"Wa ya ba ki lissafin ɗakin ajiyata?"

"Yaya Alhaji, in akwai kuskure ka nuna mini layin, in gyara."

"Tambayarki na yi. Wa ya ba ki?"

"In ƙarya na karanta, ka ce ƙarya ce, ga Baffa yana ji."

Bai ce ba. Wannan shaida zan yi masa har gaban Allah, mutum ne mai son a yabe shi, amma ba ya ƙarya a gaban babba. Malam Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya juyo wajena.

"Saude, mudun da kika auna wa Shehu, kin auna wa kanki da shi?"

"Na auna, Baffa."

"To me ya ce?"

"Ya ce bakwai daga cikin namu ci kawai suke yi. Nauyinsu sauran goma sha biyun ke ɗauka."

Na karanta sunayensu. Ta ƙarshe ita ce Gimbiya. Ku manya kun tuna ta, fara sol, doguwa, ƙahoninta kamar an zana. Ita ce saniyar da mahaifinku ya fi so, da hannunsa yake ba ta gishiri, in ya je garke ita yake fara shafawa. Haihuwa ɗaya ta yi a shekara uku, nononta kuma bai taɓa kai lita ɗaya ba. Yaya Alhaji ya ɗago kai.

"Har da saniyar Ilyasu? Ashe abin naki ba tausayi a ciki."

"Tausayin ne ya sa, Yaya Alhaji. Malam ya bar 'ya'ya huɗu, ba saniya ya bar mini in yi reno ba. In na ɓoye ta don ina sonta, da wane baki zan karanta naka?"

Malam Baffa ya yanke magana. Shanu su zauna inda suke a hannuna. Bakwai ɗin a sayar a gaban shaidu biyu, kuɗin ya koma cikin garke, kada a taɓa ko sisi. Yaya Alhaji ya miƙe ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce tunda na fi kowa sani in riƙe, amma daga yau iyalinsa ba su ba gidana.

Ranar da aka kai su kara, Buba ya ce shi ba zai ja igiyar Gimbiya ba, sai dai a nemo wani. Na tsaya a bakin garke har aka wuce da ita. Kai Aminu, wata guda ka yi ba ka ci abincin da na dafa ba, wurin kakarka kake ci, kuma na san har yau abin bai gama fita daga ranka ba. Ban yi kuka a gaban kowa ba, shi ya sa aka ce zuciyata dutse ce. Abin da na yi a ɗakina ba na kowa ba ne. Da kuɗin aka sayi bijimi ruwa-biyu, wanda uwarsa fara ce ubansa na Turai, da karsana biyu, aka kafa rumfar ajiye harawa don rani. 'Ya'yan bijimin nan da Guntuwa da 'yan'uwanta su ne suka ba da lita biyar, shida, ba fanka ba janareta. Nononsu ne ya kai ku makaranta ku huɗu, shi ya yi wa 'yan matan kayan ɗaki. Ban taɓa zuwa ƙofar kowa da ƙoƙon bara ba. Yaya Alhaji kuwa, shekara biyu ba ta cika ba ya sayar da nasa, ya ce wa mutane harkar ce ta gundure shi. Ban taɓa cewa uffan a kai ba, ko a gabanku.

Abin da na biya shi ne Mairo. Shekara goma sha ɗaya ba ta taka gidan nan ba, ni ma ba a ba ni fuskar taka nata ba. A gidan biki mukan hangi juna daga nesa, ta sunkuyar da kai, in sunkuyar. Aka yi auren Aminu ba ta zo ba. Na ji labarin irin faɗan da ya yi mata a ranar taron nan, har sai da ta yi sati biyu a gidansu. Duk shekarun nan ina ɗauke da abin a raina, cewa na ci amanar mace da ba ta taɓa yi mini sai alheri ba. Ban yi nadamar karanta lissafin ba, amma ban daina jin nauyinsa ba.

Da Allah ya yi wa Yaya Alhaji rasuwa na je gaisuwa, muka yi kuka cikin mutane, ba mu samu keɓewa ba. Sai bayan ta fita takaba, wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallamarta. Ta tsufa, tana dogara sanda. Ta wuce kai tsaye ɗakina ta zauna inda ta saba zama, kamar jiya ta tashi daga wurin. Na durƙusa a gabanta, na ce:

"Yaya Mairo, ki yafe mini. Kin zo kin yi mini kukanki, na ɗauka na kai zaure. Ni na jawo miki duk abin da kika sha."

Ta daɗe tana kallona. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, na zaci kuka take, ashe dariya ce.

"Saude, ke da kike malamar lissafi. Kin taɓa ganin mai kuka tana faɗin farashin buhu har da kuɗin dako?"

Na zauna daɓas a ƙasa, ita kuwa ta ci gaba.

"Kwana uku na yi ina haddace lambobin nan kafin in zo miki. Ni ba zan iya faɗa masa ba, mijina ne. Maza kuma ba mai faɗa masa, suna cin tuwonsa. Na duba dangin nan kaf, ke kaɗai na ga za ki iya zama a bakin zaure ki karanta ba tare da muryarki ta yi rawa ba. Da ba ki karanta ba, da har gidan Ƙofar Doka sai shanun nan sun cinye."

"To shekara goma sha ɗayan fa?"

"Ita ma na sa ta a lissafi. Na zaci biyu za ta zama, ko uku. A nan ne na yi kuskure." Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe ƙafa. "Tashi ki dama mini fura. Ki sa nono da yawa, kada ki auna."